Itacen Kaka da Hunturun Tambuwal



Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, wata 'yar'uwa a cikinku ta biyo gidanmu ta ga tukunyar ƙasar nan da ke jingine da katanga. Ba ta ga komai a ciki ba sai wani sanda mai launin toka, gundul-gundul, ko ganye ɗaya babu. Tausayi ya kama ta, ta ɗauki buta ta nufe shi. Muka ƙwala mata kira ta taga har ta razana ta saki butar. Tun daga ranar take gaishe mu a ɗarare, don haka muna ganin akwai bashin bayani a kanmu. Mun kuma nemi izinin saurayin da labarin ya shafa, ya ce mu rubuta, amma kada mu rage komai.

Itacen asalinsa na Kaka ne. Manyan cikinku sun san ta. Ita da mijinta sun zo daga ƙasar Zuru tun suna da ƙuruciya, aikin lafiya ya kai shi Kebbe, a can suka tsufa. A ƙofar gidan da suka zauna ta dasa wannan itace, kuma ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai "fulawata". In bazara ta yi, duk Lahadin da ta samu mota zuwa Tambuwal takan zo da furanninsa a faranti, ta rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta jera a kan teburin gaba. Farare ne, tsakiyarsu rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, ƙamshinsu kuwa har layin baya. Shekara biyu kafin rasuwarta ta karyo reshe ɗaya ta miƙa wa uwargida, ta ce a dasa. Aka dasa a tukunya, ya kama, ya yi rassa uku. Bayan ta rasu gidan ya koma hannun wasu, suna bukatar wurin don gina shago, suka sare uwar itacen. Ba laifinsu ba ne, wurinsu ne. Amma daga ranar abin da ya rage na fulawar Kaka a duniya shi ne wanda ke cikin tukunyarmu.

A watan Oktoba na 2022 muka tattara, mu da uwargida, muka koma kwalejin tauhidi ƙaro karatu, tafiyar yini guda daga nan. Muka duba wanda za mu bar wa amanar itacen, ba mu ga wanda ya fi jikan Kaka dacewa ba. Ita ta rene shi a Kebbe, bayan rasuwarta ya dawo wurin kawunsa a Tambuwal don ya ƙarasa sakandare. Shekararsa 17 a lokacin, shi ne mai buga mana ganga. Muka ba shi makullin gida, muka ce masa: "Ɗana, kada ka bar shi ya ji ƙishi. Safe da yamma." Ya ce: "To, Baba."

A nan ne muka fara yin kuskure, kuma da cikakken ƙarfin zuciya muka yi shi. Mun taɓa noman tumatir da alayyafo a bayan gida, mun san abin da rani yake yi wa shuka in an yi sakaci kwana biyu. Muka ɗauka duk abin da ke da saiwa haka yake.

Farkon Disamba ya turo mana hoto ta WhatsApp. Ganyen sun yi rawaya, rabinsu na ƙasa. Muka ce iskar hunturu ce take busar da shi, ya ƙara ruwa. Bayan mako biyu ya sake turo wani, saura ganye huɗu a kan reshe ɗaya. Muka ce ya samo takin awaki ya zuba, kuma tunda sanyi ya tsananta ya shigar da tukunyar cikin ɗakin ajiya. Uwargida ta ƙara da cewa ya sa babbar roba a ƙarƙashi kada ruwa ya ɓata daɓe. Kun ga mun haɗa masa duhu, da taki, da ruwa kwance a gindi, duk daga nesa, ta waya, muna jin daɗin cewa muna kula.

Ku tuna yadda farkon 2023 ya kasance. Takardun kuɗi suka ɓace daga hannun mutane saboda canjin naira, mutum na da kuɗi a asusu amma ba shi da abin biyan ɗan garuwa. Kuɗin ruwan da muke tura masa ta banki sun zama hoto. Daga baya muka ji cewa yaron nan da asuba, cikin ɗarin da ke tsaga leɓe, yake ɗaukar jarka zuwa fanfon burtsatse, ya bi layi, ya kawo, ya shayar da itacen, sannan ya wuce makaranta. Da yamma ya maimaita. Bai taɓa gaya mana ba.

Da aka ba da hutu saboda zaɓen 25 ga Fabrairu muka dawo gida. Muna buɗe ɗakin ajiya wani wari ya tare mu, irin na rogon da ya kwana uku a ruwa. Muka taɓa gindin itacen, yatsa ya nutse. Ya yi baƙi, ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen gwanda. A tsakar gida akwai matasa biyar ko shida da suka zo taya mu sauke kaya, kuma a gabansu muka juya kan yaron. Ba za mu maimaita duk abin da muka faɗa ba. Mun dai ce yaran yanzu ba a ba su amana. Mun ce ko don kakarsa ai ya kula. Wannan ta biyun ita ce ta fi muni, mun kuma san haka tun kafin ta gama fita daga bakinmu. Bai ce uffan ba. Ya ajiye makullin a kan turmi ya fita. Lahadi biyu a jere ganga tana jingine ba mai bugawa.

Wanda ya warware mana zancen wani dattijo ne daga wajen Kebbe, Musulmi, tsohon aminin mijin Kaka. Yana da lambu a fadama ta gefen Gulbin Zamfara, in ya kawo albasa kasuwar Tambuwal yakan biyo mu gaisa. Muka nuna masa tukunyar muna neman wanda zai taya mu jimami. Ya durƙusa, ya tura yatsa cikin ƙasar, ya fito da shi da caɓi. Ya leƙa robar da ke ƙasa. Sannan ya ɗago ya ce, da Sakkwatancinsa: "Pasto, wa yac ce a ba wanga icce ruwa cikin ɗari?"

Muka yi shiru.

Ya ce: "Icce in ya zubda kunnuwa, kwana shikai. Mai kwana ba a ɗura mai hura." (Ga waɗanda ba su daɗe a nan ba, Sakkwatawa kan ce wa ganye kunne, barci kuma kwana.) Ya ce shekara da shekaru yana wucewa ta ƙofar Kaka, bai taɓa ganin ta zuba wa uwar itacen ruwa da hunturu ba. Kowace shekara takan tuɓe tsirara daga Disamba, ta tsaya haka har zafi ya shigo, sai furanni su fito a kan sandunan tun kafin ganye. Ya ƙara da cewa: "Ɗan'uwan kariya na." Sai ya sa farce ya kankare bawon reshen sama kaɗan. Ciki kore shar, farin ruwa kamar nono ya tsattsafo. Ya ce gindi ya tafi, amma sama na da rai, in an hanzarta.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Mu a ranar babban da ya hango ba mu ba ne, kuma yaron da muka ci wa mutunci umarninmu kawai ya bi, bai ƙara ba bai rage ba.

Da muka koma kwaleji mun bi diddigin itacen a ɗakin karatu da intanet, irin binciken da ya kamata mu yi tun kafin mu buɗe baki. Turawa na kiransa firanjifani, masana tsirrai kuma Plumeria, sunan da aka ba shi don tunawa da Charles Plumier, wani malamin addini Bafaranshe, masanin tsirrai, da ya rayu daga 1646 zuwa 1704, ya kuma yi tafiye-tafiye zuwa tsibiran Karebiyan yana zana itatuwa. Asalin itacen daga can ne, da Meziko da Amurka ta Tsakiya, inda akwai wuraren da su ma suke da dogon rani kamar namu. Shi kuwa sunan firanjifani na wani babban gida ne a Italiya, ana danganta shi da wani turare da ɗaya daga cikin 'yan gidan ya haɗa, ma'anar sunan kuma "mai gutsuttsura gurasa". Mun yi murmushi da muka ga haka, don a kan teburin da ake gutsuttsura gurasa Kaka take jera shi, ba tare da ta san sunan ba. Ƙasashen Nikaragwa da Lawos sun ɗauke shi furen ƙasa. A Indunusiya da Malesiya an fi ganinsa a maƙabarta. Dattijon kuma bai yi kuskure ba: a lissafin masana, dangi ɗaya suke da kariya, har da tumfafiya, shi ya sa dukkansu suke da wannan farin ruwa mai sa ƙaiƙayi, wanda ba a so ya shiga ido.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda masu sanyi na gaske suke yi da shi. A arewacin Amurka da Turai, inda ruwa ke daskarewa, ƙanƙarar dare ɗaya ta isa ta kashe shi. To kafin sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 sukan shigar da shi gareji ko ɗakin ƙasa, wasu ma su tumɓuke shi daga ƙasa gaba ɗaya, su kakkaɓe saiwar, su jingine shi a lungu kamar tsohuwar sanda. Wata uku, wata huɗu, ba ruwa ba taki. In ɗumi ya dawo su mayar da shi ƙasa ya ci gaba da rayuwarsa. Namu hunturun bai kai nan ba. Da asuba a Disamba da Janairu sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, mu mu ji kamar duniya za ta tashi, amma itacen bai damu ba. Abin da yake ji shi ne busasshiyar iskar da ke tasowa daga arewa maso gabas, mai ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele a Chadi, da gajartar yini. Ganyensa faffaɗa ne, ta nan ruwa ke fita daga jikinsa. Da ya ji iskar nan sai ya zubar da su, ya rufe ƙofa, ya zauna da guzurin ruwan da ya tara a cikin kaurin rassansa tun damina.

Daga nan sauran bayanin a fili yake. Itacen da ba shi da ganye ba ya jan ruwa daga ƙasa, don babu inda zai kai shi. Duk abin da aka zuba yana nan kwance. Saiwa kuma tana bukatar iska kamar yadda take bukatar laima, in ƙasa ta cika da ruwa sai ta shaƙe, ruɓa ta kama ta, ta hau gindi tana cin sa daga ciki. Da a waje tukunyar take, da rana da iska sun riƙa busar da rabin ɓarnar da muke yi. Mu muka sa aka kai shi inda babu ko ɗaya. Ba baƙon abu ba ne ma a ƙasar nan. Kuka tana tsaye tsirara duk rani, ba wanda ya taɓa bin ta da buta. Gawo shi nasa a juye yake, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, manomi bai taɓa cewa ya mutu ba. Mun wuce su sau dubu a hanyar Dogon Daji. Da yake wannan a tukunya yake, kuma fulawa ake ce masa, sai muka ɗauke shi kamar jinjiri.

Amma mun yi gaba da labari. A ranar da dattijon ya tafi, da la'asar muka nufi gidan kawun yaron. Tafiyar ba ta kai minti goma ba, amma mun daɗe ba mu yi mai nauyinta ba. Mun fi shekara 40 a duniya, mun saba mu ake zuwa ba wa haƙuri. A hanya zuciya ta yi ta kawo mana dabaru: a ce an samu rashin fahimta, a ce kowa na da nasa laifin, a kira shi gefe a gama a ɓoye. Uwargida ce ta ce, a gaban mutane aka yi ɓarin, a gaban mutane za a kwashe. Muka same shi yana wanki. Muka ce: "Ɗana, mun zo ba ka haƙuri. Abin da muka ce ka yi shi ka yi. Mu muka kashe gindin itacen, ba kai ba. Maganar da muka yi a kan Kaka kuma ba ta dace ba." Ya daɗe yana kallon kumfar sabulu. Sannan ya ce: "Baba, na ga ƙasar ba ta bushewa. Na so in faɗa, sai na ce ku kun fi ni sani." Wannan maganar ta fi zagi zafi. Ranar Lahadi muka maimaita ban-haƙurin a taron zumunta, waɗanda suke wurin sun ji.

Washegari da shi aka yi aikin. Muka wasa wuƙa, muka goge ta da barasar asibiti, muka fara yanka daga saman inda ruɓar ta tsaya. In an yanka aka ga ɗigon baƙi ko ruwan kasa a tsakiya, a ƙara hawa sama, a sake goge wuƙar, har sai an ga fari tas. Haka muka fitar da rassa uku, kowanne ya kai kamu ɗaya da rabi. Muka barbaɗa toka a bakin yankan, muka jingine su a inuwar rumfa. A nan ma sai da aka yi gardama, don hannu na ƙaiƙayin a dasa nan take. Dattijon ya riga ya gargaɗe mu: a bar su mako biyu har bakin ya bushe ya yi tauri kamar tabo, in ba haka ba ɗanyen yanka na shiga ƙasa zai ruɓe. Muka bar su. Kafin mu koma kwaleji a tsakiyar Maris muka dasa su a tukwanen ƙasa masu huji a gindi, yashi kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya, ba taki. Muka zuba ruwa sau ɗaya. Umarnin da muka bar wa yaron a wannan karo shi ne ya tura yatsa cikin ƙasa, in ya ji laima ya tafi abinsa, in kuma ya ga abin da bai gane ba ya yi gardama da mu.

Da labarin wa'azi ne, da sun yi fure ranar Ista. Ista ta zo ranar 9 ga Afrilu, sanduna uku na tsaye kamar yadda aka kafa su. Zafi ya haura digiri 40. Ɗaya rana ta ƙone gefensa na yamma, ya yamutse, gara ta ƙarasa shi, abin da ya koya mana cewa a bazara hantsi ya ishe su, a kare su daga ranar la'asar. Sai a watan Mayu, ana ta hadari ba ruwa, yaron ya turo hoto: a kan sauran biyun wasu 'yan abubuwa jajaye sun tsiro, masu sheƙi, kamar faratan kaza. Ganye ne.

Hunturun da ya biyo baya shi ne gwaji na gaske, kuma ba mu san zama ba aiki yana da wuya haka ba. Ganye suka fara rawaya a Disamba, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, mun san dalili, mun karanta, an gaya mana, duk da haka in mun zo hutu muka wuce ta wurin sai ido ya nemi buta. Abin da muke yi yanzu kaɗan ne. Tukunya na waje, a jikin katangar da ke tare iskar arewa, inda rana ke samunta. An ɗora ta a kan bulo saboda gara, an kewaye da guntun zana saboda awaki, don rassan na da saurin karyewa. Ba taki daga ƙarshen damina. Duk mako biyu ko uku mukan matsa reshe da yatsa. In yana da tauri, a bar shi. In ya fara yin tamoji amma ba laushi, ƙishi ne, a ba shi kofi ɗaya ko biyu da hantsi, a gefen tukunya. In ya yi laushi, a nemo wuƙa. Sai kan reshe ya fara sheƙi da shigowar zafi ake ƙara ruwa sannu a hankali.

Namu bai yi fure ba tukuna. Ɗayan yana Kebbe. Yaron ya gama sakandare ya koma can wurin 'yar'uwar mahaifiyarsa, ya tafi da tukunyarsa a kan cinya a cikin mota, bai yarda a sa ta a but ba. Ya fasa tukunyar ya dasa shi a ƙasa, kusa da rijiya amma ba inda ruwan wanka ke bi ba. A ƙarshen Afrilun bara nasa ya fitar da furanni, ya kira mu da dare yana cewa ƙamshin ya fi ƙarfi bayan magariba. Haka ne, da dare yake kiran wani irin malam-buɗe-littafi mai yawon duhu, ko da yake furen ba shi da ruwan zaƙin da zai ba shi. Lahadin da ta biyo baya ya shigo motar safe da furanni bakwai a faranti, an rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Ke kuma 'yar'uwa mai buta, ki yi haƙuri da ihun. Ki dawo a watan Maris, in kan reshen ya fara sheƙi, ke za ki zuba masa na farko.